Masallacin Sarki Faisal ko Fadar Gawi: wanne ya fi cancantar yininka a Njamena?

Malam, ka ce za ka taso daga Garwa zuwa Njamena, yini ɗaya kacal zai rage maka bayan sayayya, kuma an raba maka hankali: wasu sun ce Masallacin Sarki Faisal, wasu sun ce fadar Gawi. Ga abin da idona ya gani.

Masallacin ba sai ka yi cigiyarsa ba. Yana tsakiyar gari, dab da babbar kasuwa, hasumiya ce ma za ta nuna maka hanya. Da kuɗin Saudiyya aka gina shi a shekarun 1970, aka sa masa sunan Sarki Faisal wanda ya rasu a 1975. Ginin siminti ne mai faɗi da kwarjini, ranar Juma'a kuwa sahu har waje, Shuwa da Barebari da Gorane da Hausawa kafaɗa da kafaɗa. A nan nake Juma'a, kuma ina ƙaunarsa. Sai dai wanda ya saba da babban masallacin Garwa ba zai ga baƙon abu a fasalinsa ba.

Gawi kuwa daban take. Ƙauyen ƙabilar Kotoko ne, kamar kilomita 10 arewa maso gabas da birni, ya kuma girmi Njamena nesa ba kusa ba, don ita sai a 1900 Faransawa suka kafa ta da sunan Fort-Lamy, shekarar da suka kashe Rabeh, mai mulkin Borno a lokacin, a yaƙin Kuseri. Sunan Njamena ma sai 1973 ta same shi. Kotoko suna danganta kansu da mutanen Sao, mazauna yankin a zamanin dā, waɗanda a baki ake cewa ƙatti ne, ga su gwanayen laka, har manyan randuna suke yi su binne mamatansu a ciki.

Tsohuwar fadar sarkin garin da laka zalla aka tashe ta, yanzu an mai da ita gidan adana kayan tarihi. Ka dafa bangon da tafinka: rana na ƙuna a waje, ciki kuwa sanyi kamar gindin randa, babu fanka babu komai. Ka matsa kusa za ka ga sawun yatsun wanda ya yi yaɓe. Wannan sawun shi ke taɓa min zuciya, domin ginin laka ba ya rayuwa sai da hannu. Damina ta ci, rani a sake yaɓe, in aka yi sakaci shekara biyu uku sai bango ya fara zubewa. Siminti bai san wannan wahalar ba, shi ya sa ma nake ganin fadar ta fi bukatar baƙi irinku.

Kada ka tsaya a fada kaɗai. Matan Gawi ne ke zana bangon gidajensu da ƙasa mai launi, su ne kuma ke gina tukwane da tuluna, za ka same su jere a rana suna shan iska kafin a gasa.

Ni dai da ni ne kai, Gawi zan nufa da sassafe kafin rana ta take, in dawo in yi azahar a masallacin, tunda ga kasuwa nan kusa. In zuwanka ya faɗo cikin damina, ka tambayi mai mashin halin hanya kafin ku yi ciniki, ka kuma nemi izinin mutanen gida kafin ka ɗaga waya ka ɗauki hoton bangonsu.