Kafin ka sayi na'urar bin diddigin manhajar cikin allo ta USB

Ɗalibanmu masu karatun injiniya a Zahran da Madina, da masu gyaran kwamfuta a Jidda da Riyad, tambayarsu ɗaya ce: wace na'ura zan saya don gano matsalar manhajar da ke cikin allon lantarki, wato farantin da ke ɗauke da furosesa? Ka fara sanin ciwon allonka tukuna.

Idan so kake ka ji abin da allon yake faɗa lokacin tashi, ƙaramin adafta na USB zuwa UART, wato hanyar da allo ke aika saƙonni zuwa kwamfuta ta waya, ya ishe ka. Waya uku ce: TX ɗinka (mai aikawa) ya shiga RX ɗin allo (mai karɓa), RX ya shiga TX, sai GND (wayar ƙasa), galibi a gudun bit 115200 a daƙiƙa. Cikin guntayen da ake sa wa waɗannan adaftoci, CH340 ya fi araha kuma yana aiki, amma ni CP2102 na Silicon Labs nake ba mutane shawara, direbansa, wato manhajar da ke sa kwamfuta ta gane shi, ba ya wahalarwa. FT232 na da kyau in ka samu na asali, sai dai jabunsa sun cika kasuwa, kuma a 2014 wani direban FTDI, kamfanin da ke yin sa, ya kashe jabun da yawa. Tsohon PL2303 kuwa ka bar shi, sababbin Windows sun daina karɓarsa.

Idan kuma sai ka tsayar da furosesa ka bi umarni ɗaya bayan ɗaya, UART ba zai kai ka ba, SWD kake bukata, wato hanyar shiga cikin furosesan Arm kai tsaye. Na'urar ST-Link ta furosesoshin iyalan STM32 da STM8 ce. J-Link EDU Mini na kamfanin SEGGER yana da ƙarfi, amma lasisinsa na koyo ne, mai shago kada ya ci abinci da shi. Raspberry Pi Debug Probe, wanda ya fito a 2023 kan dala 12, wajen riyal 45 kafin kuɗin kawowa, ya haɗa SWD da UART a jiki ɗaya, yana kuma tafiya da OpenOCD, manhajar bin diddigi ta kwamfuta. Mai aiki da furosesan Arm, nan zan kai kuɗina.

Inda mutane suka fi asara shi ne CH341A, na'urar sake rubuta BIOS, wato manhajar da ke tayar da kwamfuta. Mai baƙin launin nan da ake samu ko'ina yana fitar da bolt 5 a layukan bayanai, alhali guntun BIOS ɗin 3.3 yake so, wasu sababbi ma 1.8. Ɗan'uwa, don Allah ka sa mita ka auna kafin ka maƙala wa guntun maƙalin nan mai ƙafa takwas, ka sayi adaftan 1.8 tare da shi. Sannan ka karanta guntun sau biyu da manhajar flashrom, ka gwada fayilolin, in sun zo ɗaya ka adana kafin ka goge komai.