Saƙo daga Tokiyo kan silektar amfilifaya

Yaya, ina gaisuwa da fatan kuna lafiya kai da iyali. Ka tambaye ni yadda masu haɗa amfilifaya da hannunsu a Japan suke sauyawa daga CD zuwa rediyo ko garmaho ba sai an zare waya an soka wata ba. Na shiga unguwar Akihabara na duba maka.

Akwai wurin da ake kira Radio Center a ƙarƙashin gadar jirgin ƙasa, rumfuna ne ƙanana a jere kamar layin 'yan kayan wuta na Sabon Gari. Abin da ya fi burge ni shi ne kowane ɗan ƙaramin kaya yana cikin aljihunsa da lambarsa a jiki. Ka ɗauki lambar ka duba a intanet, za ka ga bayaninsa daga kamfanin da ya ƙera shi, kuma abin da aka rubuta shi za ka tarar. Ba a yi maka rantsuwa, ba ka kuma fargabar jabu. Wallahi iyawa kuna da ita a gida, wannan amanar kayan ce kawai ta yi mana ƙaranci.

Silekta, wato makunnin da ke zaɓar na'urar da za a saurara, iri biyu suke amfani da ita. Akwai ta murɗawa, irin ta kamfanin Alps, wadda ka sani. Matsalarta sai an jawo wayoyin sauti tun daga soket ɗin baya har gaban akwatin, su bi ta gefen taransifoma su kwaso ƙugi. Wani lokaci kana sauraron CD kana jiyo rediyo can ƙasa-ƙasa, domin wayoyin sun kwanta kusa da juna.

Shi ya sa da yawansu suka koma rile, wato makunnin da wuta ke kunnawa da kashewa, ƙananan nan na Omron ko Panasonic. Ana liƙa kowane rile dab da soket ɗinsa, sauti bai yi wata tafiya ba. Makunnin gaba aikinsa kawai ya tura masa wutar bolt 5 ko 12. Kada ka manta da dayod a kan kwayil ɗin rile, wato naɗaɗɗiyar wayar da ke cikinsa, irin 1N4148, shi ke shanye wutar da ke dawowa in an kashe. Ni dai rile nake so ka gwada, saboda a rufe yake ruf. Ƙurar hunturun Kano da ke shiga silektar murɗawa ta sa ta ƙaras-ƙaras, sifika ɗaya ta ɗauke, ba ta da hanyar shiga cikinsa.

Garmaho kuwa sautinsa ba shi da ƙarfi, kusan milibolt 5, alhali CD na kai bolt 2. Dole ya fara bi ta nasa ƙaramin amfilifayan na RIAA, mai ƙara wa sautin faifai ƙarfi da daidaita shi, kafin ya iso silekta.

Zan aiko maka da rile da soket ta hannun mai dawowa. Taransifoma kam saya a nan gida, domin wutar Japan bolt 100 ce, tasu ba za ta jure tamu ba.