Kafin ka sayi Beyblade X: kai, ƙugu da ƙafa, wanne ke cin wasa?

Duk wanda ya taso yana murza katantanwa a kan rairayi ya san cewa daɗewar juyinta tana ga yadda aka goge bakinta da yadda tsininta ya zauna. Yaran Japan ma da ɓawon dodon koɗin teku suka fara, suna ɗura masa yashi su toshe da kaki, daga baya aka koma yin ta da zubin ƙarfe. Sunanta beigoma. Daga ita kamfanin Takara ya ɗauko dabarar ya fitar da Beyblade a 1999. Bayan haɗewarsa da Tomy a 2006 aka yi Beyblade mai zubin ƙarfe a 2008, aka yi Burst a 2015, sannan Beyblade X ta fito a watan Yulin 2023. Ita ce ake gasa da ita yanzu, kuma a kanta zan yi magana. Ka riƙe wannan tun daga farko: kayan X ba sa shiga na Burst, don haka kada mai shago ya haɗa maka su a leda ɗaya.

Shawarata a taƙaice ita ce ka sayi kwali saboda sassan da ke cikinsa. Yawancin katantanwar da ke cin gasa ba a sayar da ita a haɗe, ɗan wasa ne ke ciro kai daga wannan kwali, ƙugu daga wancan, ƙafa daga na uku.

Sassan uku ne. Na sama faifan ƙarfe ne da ake kira bled, shi ne kai. Na tsakiya zoben roba ne mai kunnuwa, racet, shi ne ƙugu. Na ƙasa shi ne bit, ƙafar da ke taka fage. Sunan da ke jikin kwali yana gaya maka ukun duka. Ɗauki Dran Sword 3-60F: Dran Sword sunan kai ne, 3 yawan kunnuwan ƙugu, 60 tsayinsa milimita 6, F kuwa harafin farko na sunan ƙafar, Flat. Wanda ya iya karanta wannan layin ya riga ya san rabin halin abin da zai saya tun bai buɗe ba.

Sai ka san yadda ake ƙirga maki, domin shi ne ke nuna inda ya kamata kuɗinka ya tafi. Idan ta abokin karawarka ta riga taka tsayawa, ka ci maki 1. Idan tasa ta tarwatse, maki 2. Idan ka tura ta ɗaya daga ramukan da ke kusurwar fage, maki 2. Idan ta faɗa babban ramin da ke tsakanin na kusurwar biyu, maki 3. Wanda ya fara kai 4 ya yi nasara. Ka ga ke nan mai jiran juyi sai ya yi kaye huɗu, mai duka kuwa biyu na iya isar sa.

Ƙafa

Da ita zan fara duk da ita ce mafi ƙanƙanta, nauyinta bai wuce giram 2 zuwa 3 ba. Ita ke yanke hukuncin inda katantanwa za ta je da irin gudun da za ta yi. A jikinta akwai haƙora kamar na giya, a gefen fagen kuma akwai layi mai haƙora da ya kewaye shi. Idan haƙoran ƙafa suka kama na layin, sai katantanwar ta ɗebi gudu, lanƙwasar layin ta wurgo ta tsakiya da ƙarfi. Wannan wurgin shi ne zuciyar wasan X, kuma ba kowace ƙafa ke neman sa ba.

Flat mai shimfiɗaɗɗen tafi ce. Tana gogar fage sosai, saboda haka tana zagaye da sauri tana hawa layi, amma gogar nan tana cinye mata juyi. Haƙoranta 12 ne. Rush na da 10, gudunta a kan layi bai kai na Flat zafi ba, sai dai tana yawan komawa kansa kuma ba ta saurin gajiya, shi ya sa na fi son ta ga mai koyo. Accel na da 16. Gear Flat kuwa haƙoranta sun sauko har tafi, doki ne marar linzami: tana iya yin kisa a karon farko, tana kuma iya jefa kanta rami ta ba abokin karawa maki a banza.

Ball mai dunƙulallen tafi ce, ita ce uwar daɗewa. Ko an buge ta ta karkata, zagayen tafinta na ba ta damar ci gaba da juyi har ta miƙe. Needle tsini ce siririya, tana kafewa a tsakiya, amma da zarar duka ya kauda ta daga tsaye sai ta fara tangaɗi. A takarda an ce mai tsaro na cin mai duka, mai duka na cin mai daɗewa, mai daɗewa na cin mai tsaro. A fagen X kuwa mai tsayawa cak a tsakiya ya tsaya ne daidai inda layi ke wurgo duka, don haka ba na ba kowa shawarar ya fara da Needle. Idan tsaro kake so, nemi Hexa, wadda ke zuwa da Hells Hammer 3-70H, tafinta mai kusurwa shida na taimaka mata ta miƙe bayan an buge ta.

Tsakanin ɓangarorin biyu akwai Point da Taper. Point tafi ne shimfiɗaɗɗe mai ɗan ƙullutu a tsakiya. Ka karkata hannu wajen harbawa, ta fita farauta kamar Flat. Ka harba a miƙe, ta zauna a kan ƙullutun ta yi ta juyi. Ƙafa ɗaya, hali biyu, kuma hannunka ne ke zaɓa.

Akwai wani abu da ba a gani sai an kwance: sandar ƙafar da ke shiga cikin ƙugu. Ta Flat, Rush, Taper, Point da Hexa tana riƙe ƙugu gam, ta Ball da Needle kuwa riƙonta sako-sako ne. Wato wanda ya zaɓi daɗewa ya karɓi haɗarin tarwatsewa tare da ita, kuma a nan ne ƙugu ke shigowa.

Ƙugu

Tarwatsewa na faruwa ne idan kan abokin karawa ya doki kunnen ƙugunka ya murɗa shi har makullin ya buɗe. Saboda haka tambaya biyu ce kawai: nawa ne ƙugun ya fito fili, kuma kunnuwansa na da wurin kamawa? Mai tsayi 80 yana ɗaga kai sama ya bar ƙugu a buɗe, ga shi kuma nauyi ya hau sama, tangaɗi ya zo da wuri. Mai 60 yana ɓuya a ƙarƙashin kai. Shi ya sa za ka ga 60 ta cika teburin gasa. Aibinsa ɗaya, idan juyi ya yi rauni katantanwa ta karkata, gajeren ƙugu na iya gogar ƙasa ya ƙarasa ta.

A cikin masu 60, 9-60 ne na fi yarda da shi. Kunnuwansa tara ne ƙanana, ya kusa zama da'ira, duka na zamewa a kansa. 3-60 da 5-60 ma suna aiki sosai. 1-60 nauyinsa ya taru gefe guda da gangan, ya dace da kai mai neman kisa da bugu ɗaya irin Dran Buster, bai dace da mai son daɗewa ba.

Kai

Nan ne ido ke fara sauka, nan ne kuma yawancin nauyi yake, daga giram 30 da ɗoriya zuwa kusan 40. Amma inda nauyin ya zauna ya fi yawansa muhimmanci. Ƙarfen da aka tura bakin da'ira ya fi wanda aka tara a tsakiya riƙe juyi, ko da sikeli ya nuna su daidai. Wizard Rod, wanda ya fito a jerin UX a 2024, shi ne babban misali: faffaɗa ne, kusan zagayayye, an sa roba a ciki an kai ƙarfen baki. Nauyinsa kusan ɗaya da na Dran Sword, wajen giram 35, amma wajen daɗewa ba a haɗa su. Santsin gefensa kuma na hana duka samun wurin kamawa.

Mai duka akasin haka yake, yana son fukafukai da giɓi a tsakaninsu domin ya sami abin sara. Dran Sword na da uku. Phoenix Wing ma uku ne, amma ya kai wajen giram 38, ga nauyin ture abokin karawa, ga sauran juyi idan turin bai yi ba. Shark Edge bakinsa na ɗaga abokin karawa daga ƙasa, yana kisa mai kyau, sai dai ƙarfin dukan na dawo masa, shi ma yakan yi baya ya faɗa rami. Cobalt Dragoon hagu yake juyawa, kuma sai da abin harbawa (na'urar da ke murza katantanwa) na hagu. Jerin CX na 2025 ya raba kan kansa gida uku, abin sha'awa ne ga wanda ya riga ya ƙware, amma mai farawa bai buƙace shi ba tukuna.

To me za a saya?

Fage tukuna. Ba tare da layin haƙoran nan ba, Flat da Rush ba su da aikin yi, kuma harba ƙarfe mai wannan gudu a faranti ko kan siminti haɗari ne ga idon yara. Kunshin farawa na Takara Tomy mai lamba BX-07 na zuwa da fage da Dran Sword 3-60F. Na kamfanin Hasbro, Xtreme Battle Set, na zuwa da fage da katantanwa biyu, ɗaya daga ciki da ƙafar Rush.

Gasa da yawa ana yin ta da katantanwa uku-uku, kuma ba a yarda ka maimaita sashe ɗaya a cikin ukun ba. Ga yadda zan haɗa su da kwali huɗu bayan kunshin BX-07. Phoenix Wing 9-60GF zai ba ka kai mai nauyi, da 9-60, da abin harbawa mai zare. Wizard Rod 5-70DB zai ba ka kan daɗewa. Wizard Arrow 4-80B kansa mai sauƙi ne kuma ƙugunsa dogo, saboda Ball kaɗai za ka saye shi. Leon Claw 5-60P zai ba ka 5-60 da Point. Sai ka kwance su duka: Wizard Rod ya hau 9-60 da Ball, domin ƙugu mai santsi ya rufe raunin riƙon Ball, Phoenix Wing ya hau 5-60 da Point, Dran Sword ya zauna yadda ya zo. Idan kuɗi bai kai ba, fara da Phoenix Wing da Wizard Rod, ƙafar Disk Ball (DB) da ke cikin kwalin Wizard Rod za ta riƙe ka kafin ka sami Ball.

Hasbro na sauya sunaye, kada ya ruɗe ka: Dran Sword ya zama Sword Dran, Phoenix Wing ya zama Soar Phoenix, Wizard Rod ya zama Wand Wizard, Wizard Arrow ya zama Arrow Wizard. Sassan kamfanonin biyu suna shiga juna. Kwalayen sa'a, waɗanda ba a sanin abin da ke ciki sai an buɗe, ka bar su sai ka gama haɗa ukunka.

Abin da ya fi damuna shi ne jabu, domin sun cika shagunan intanet da araha mai jan hankali. Ba a karɓar su a gasa, makullinsu ba ya riƙo daidai, suna fashewa su watsa gutsattsari, kuma masu wasan sun daɗe suna gargaɗi kan samun dalma a ƙarfen wasunsu, abin da yaro zai riƙa taɓawa kullum ya kai hannu baki. Duba sunan Takara Tomy ko Hasbro a jikin kwali, ka kuma duba shekarun da aka rubuta: 6 zuwa sama a na Japan, 8 zuwa sama a na Hasbro.

Bayan ka saya, riƙa juya ƙafafun kana duba tafinsu da haƙoransu. Roba ce, tana cinyewa, musamman Rush da Flat masu yawan hawa layi. Ranar da ka ga Flat ɗinka ta daina farauta ta koma zama a tsakiya, gefen tafinta ya goge, lokacin sauya ta ya yi.