Saƙo Daga Ingila Kan Yaran da Ba Sa Kama Magana a Aji

Assalamu alaikum, malamanmu na firamare a ƙauyukan Ringim da Taura. Kun tambayi yadda ake yi a nan da yaron da ake wa kallon daƙiƙi alhali magana ce ba ta isa gare shi, da ko a aiko muku da na'urar kunne.

A Ingila ana gwada jin jariri cikin makonnin farko na haihuwa. In aka ga matsala, hukumar lafiya ta NHS ke ba da na'urar da batirinta kyauta. Akwai kuma yaron da gwaji zai nuna kunnensa ƙalau, amma ƙwaƙwalwarsa ba ta iya tsame muryar malam daga hayaniya. Wannan ba a cika gwada shi ba sai ya kai shekara 7. Abin da ke taimakonsa shi ne ƙaramin makirufo irin Roger na kamfanin Phonak: malam ya maƙala shi kamar taƙi ɗaya daga baki, muryar ta tafi kai tsaye kunnen yaro. Yana da tsada, kuma kullum sai an yi masa caji.

Shawarata, kada a aiko da na'urar da wani ya yi amfani da ita. Kowace ana saita ta da kwamfuta daidai da raunin kunnen mai ita, kuma robar da ke shiga kunne ana zuba ta ne a kan siffar kunnensa. Yaro na girma robar na sakwarkwacewa, sai na'urar ta riƙa yin ƙara kamar fito. Batir mai lamba 13 bai wuce mako ɗaya zuwa biyu ba, kuma da an ɓare takardar bayansa ya fara ƙarewa. Ga gumi, ga ƙurar hunturu, duk suna lalata na'urar. Na'urori masu arhar nan na kasuwa kuwa komai suke ƙara wa ƙarfi, har kukan akuya.

A fara da duba kunnen. Ciwon kunne mai fitar da mugunya, ƙyanda da sanƙarau duk suna rage ji. Asibitin Malam Aminu Kano na da sashen kunne, hanci da maƙogwaro, Kaduna kuma akwai cibiyar kula da kunne ta ƙasa. Wanda bai ji kwata-kwata, akwai makarantar Tudun Maliki a Kano.

Sauran abin da Turawa ke yi ba ya cin ko sisi. A zaunar da yaron a sahun gaba, kada ya wuce mita 2 daga malam, nesa da taga da ƙofa, domin duk sanda tazara ta ninka, ƙarfin murya na raguwa da desibel 6 (desibel ma'aunin ƙarfin sauti ne). Malam ya daina magana yana fuskantar allo, yaron na karanta leɓe. Umarni ɗaya a lokaci ɗaya, a ɗan dakata, sannan na biyu. Ihu ba ya taimakawa, dagula kalmomi yake yi. Kuma a bar tambayar "kun gane?", don duk aji zai amsa "e, Malam". A ce masa ya maimaita abin da aka ce.

A nan silin da labule ke shanye amsa-kuwwa. A ajin kwano da siminti, tabarmar kaba a bangon baya da asabari a ƙarƙashin rufi za su rage ta. Ranar da ruwan sama ke dukan kwano, a rubuta aikin a allo.