Na gwada webbrowser na Python a shagon Kawu: yana da sauƙi, amma True ɗinsa ba shaida ba ce

Kawuna yana sayar da taki da maganin feshi a babbar kasuwar Maradi, kuma rabin cinikinsa bashi ne, sai kaka ta yi manoma su biya. Na rubuta masa 'yar manhaja da Python, wani harshen rubuta manhajar kwamfuta: sunan mutum, lambarsa, jaka nawa ake binsa, sai maɓalli guda da zai buɗe WhatsApp da saƙon tuni a rubuce. Don buɗe adireshin WhatsApp ɗin na ɗauki webbrowser, wani kayan aiki mai buɗe shafi a burauza, tunda tare da Python yake zuwa, babu abin da za ka sauke ka ƙona kuɗin intanet. Layi biyu kacal. Ka ba webbrowser.open adireshin wa.me na WhatsApp da lamba mai farawa da 227, lambar kiran Nijar, burauzar da ka saba da ita ta buɗe. A kwamfutata ya yi aiki tun gwajin farko, wallahi har na yi ta yabonsa wajen abokai.

Ranar da na kai shi shago ne abin ya lalace. Wajen gyara na goge https:// daga farkon adireshin ban lura ba. Tsohuwar kwamfutar Kawu ta ɗauki abin a matsayin sunan fayil, ba ta same shi ba. Maimakon webbrowser ya tsaya ya ce akwai matsala, sai ya zarce shiru zuwa burauza ta gaba a jerinsa, wata tsohuwa da ba ta iya ɗaukar shafin. Sannan ya dawo mini da True, wato amsar "eh, an yi". Ni kuwa na tsara cewa da an ga True a rubuta "an tuna masa" gaban sunan mutum. Yaron shago ya yi ta dannawa yana rufe tagar, a zatonsa saƙo ya tafi.

Bayan mako biyu Kawu ya kira ni. "Kai yaro, mutanen Tibiri da Madarunfa sun ce ba su ga komai ba, ga littafinka yana cewa an tuna musu." Na ce, "Ku yi haƙuri Kawu, yau zan duba." Kunya ta hana ni cin tuwon dare.

Goge https:// laifina ne, na yarda. Amma abin da har yanzu yake ci mini rai shi ne True ɗin nan ba ya nufin shafi ya buɗe, yana nufin an tayar da burauza ne kawai. Ko intanet ta ɗauke, haka zai ce. Ga kuma alamar & da ke yanke saƙo a tsakiya idan ba ka bi da shi ta urllib.parse.quote, mai gyara alamomi su dace da adireshi, ba.

Ban cire webbrowser ba, don ban ga mai sauƙinsa ba. Yanzu dai manhajar tana duba https:// tukuna, kuma yaron shago ne ke danna "an tura" da hannunsa bayan ya ga saƙon ya fita.