Sifika: ka bar na'ura ta saita da kanta ko ka yi da hannunka?

Rabin sautin da kake ji a falo ba daga sifika yake ba, ɗakin ne. Bango, tayil, gilashin taga, duk suna maido da ƙara, musamman bes, shi ya sa za ka zauna a kujera ɗaya bes ɗin na dukan ƙirji ka matsa gefe kaɗan ka neme shi ka rasa.

Yawancin risibobin yanzu, wato injinan da ake haɗa sifikoki a jikinsu, suna zuwa da ɗan makirfo a kwali don saita sauti da kansu. Kowane kamfani da sunan tsarinsa: Denon da Marantz suna da Audyssey, Yamaha YPAO, Pioneer MCACC, manyan kuma akwai Dirac Live wanda a wasu injinan sai ka sayi lasisinsa daban, toh ka tambaya kafin ka biya. Kana ɗora makirfon daidai tsayin kunnenka, bakinsa na kallon silin, ka kashe fanka da esi, kowa ya yi shiru, injin ya yi ta ƙarar gwaji. Audyssey har wuri 8 yake aunawa a wasu. Nisan kowace sifika da ƙarfinta, wannan kam ya fi kunnenka iyawa nesa ba kusa ba.

Amma fa kar ka yarda da shi ɗari bisa ɗari. Sau da yawa sai ya ɗauki 'yan ƙananan sifikoki ya ce manya ne, ya tura musu bes ɗin da ba za su iya ɗauka ba, ka shiga ka maida su ƙanana ka sa kurosoba, wato iyakar da ake raba bes, a 80Hz ragowar da ke ƙasa ta tafi sabwufa, sifikar bes. Nisan sabwufa kuma in ka ga ya fi abin da tef ɗin awo ya ba ka, bar shi haka, jinkirin da ke cikin na'urarta ya lissafa.

Saitin hannu na gaske ba wai murɗa bes da tirebul da kunne ba ne. Sai ka nemi makirfon awo irin UMIK-1, ka sauke manhajar awon sauti ta REW a kwamfuta (kyauta ne), ka koyi karanta giraf, sannan injinka ya zama yana karɓar gyaran. Yana cin lokaci sosai gaskiya, amma kai ke zaɓar inda za a taɓa, kuma masu yi sun fi maida hankali ƙasa da 300Hz su ƙyale sama yadda take.

Abin da duka biyun ba sa iyawa: in bes ya faɗa rami a wajen zamanka saboda sautin da ya dawo daga bango ya kashe na asali, ko nawa ka ƙara ba zai cike ba, wahalar da amfilifaya kawai za ka yi. Matsar da sabwufa ko kujera ne maganin.

In fim kake kallo da sifika 5 ko 7, sayi mai otomatik ka gyara kurosoba. Mai sifika biyu na kiɗa da ke son wasa da waya da giraf, UMIK-1 ɗin ya fara saya.