Sati 11 da Baabanmu ya yi a gidan jinya a Kumasi, abin da idona ya gani

Salamu alaikum jama'a. Tun da muka dawo da Baaba gida Aboabo mutane ke tare ni a masallaci da wajen suna, wai yaya wajen nan yake, mu kai namu ko kar mu kai? Shi ya sa na ce bari in rubuta sau ɗaya kowa ya gani. Ba zan kama sunan wajen ba, don akwai bayin Allah a ciki da suka yi mana alheri kuma ba na son in taɓa musu abinci.

Hawan jini ne ya kada Baaba, ɓarin dama ya shanye, baki ya karkace, magana ba ta fita sosai. Ya yi kwanaki a babban asibitin Komfo Anokye, wanda ake ce wa Gee, likitoci suka yi nasu Allah ya saka musu, da za a sallame mu suka ce abin da ya rage fisiyo ne, wato motsa jiki na asibiti don gaɓoɓi su dawo aiki, da kula, kuma wata uku zuwa shida na farko su ne jiki ya fi karɓar gyara, kar mu yi wasa da su. To gidanmu gidan yawa ne, bayi a waje, Mma ita ma gwiwa ta hana ta sakat, ni ina shago a kasuwar Kejetia tun safe, ƙanwata tana aure a Nima can Accra. Na san abin da ake faɗa a zango in ka kai tsohonka irin wajen nan, sun jefar da uban su, na ji da kunnena kuma ya yi min ciwo paa, amma ɗaga babban mutum a juya shi a wanke shi ba abu ne da so kaɗai ke yi ba, sai da iyawa.

Ran da muka je duba wajen Talata ce da hantsi. Ko'ina tsaf, ba wari, takardar lasisin HeFRA, hukumar da ke ba asibitoci izinin aiki, na rataye a bango, na ɗauka ma a waya. Ba sa karɓar katin inshorar lafiya na NHIS, kowane wata ta MoMo, wato kuɗin waya, muke biya, kuma pampas da safar hannu da magani duk daga aljihunmu.

Mai fisiyon nan, wallahi ba ni da bakin gode masa. Litinin zuwa Juma'a yana nan, ba ya gaggawa, zai fara miƙe yatsun hannun nan da suka dunƙule ɗaya bayan ɗaya, ya koya masa zama a bakin gado, daga baya ya kai shi tsakanin ƙarafa biyun nan da ake riƙewa a koyi taku. Shi ya hana mu jan Baaba ta hannun da ya mutu in za mu ɗaga shi, ya ce kafaɗar za ta iya gocewa, mu da kullum haka muke yi a rashin sani. A sati na shida Baaba ya tsaya da ƙafarsa, Mma kuka ta dinga yi.

Sai wata nas, Ba'asantiya, ba ta jin Hausa sai sannu Baaba da ta koya, amma ita ce ta tambaye ni ina ne gabas ta juya masa gado, ta bar dutsen taimama kusa da hannunsa na hagu. In tana kan aiki duk awa biyu sai ta juya shi ta rubuta a takardar da ke jikin gado, koko kuwa sai ta tada shi zaune sosai, ta ba shi mai kauri kaɗan kaɗan tana kallon maƙogwaronsa ya haɗiye kafin ta ƙara.

Matsalar ita ce wannan kulawar tana jikin mutum biyu ko uku ne, in suka tashi aiki sai ta bi su gida. Wata Lahadi na zo bayan isha'i ba tare da na faɗa ba, na tarar Baaba ya jiƙe har zanin gado, takardar juyawa babu rubutu tun azahar, nas ɗaya ce tak a duk hawan benen tana ta zirga-zirga, ita ma abin tausayi, ba zan ce raguwa ba ce. Wata safiyar Asabar kuma na ga wata sabuwa tana ɗura masa koko yana rabin kwance yana ta tari, na ce Sista don Allah dakata, ai mai irin wannan ciwon abinci na iya bi ta hanyar iska ya sauka huhu ya zama nimoniya. Ta ce ba wanda ya gaya mata yana da matsalar haɗiya. Wannan maganar ita ta fi tsorata ni, ashe masu rana ba sa miƙa wa masu dare da na ƙarshen sati bayani yadda ya kamata.

A sati na bakwai nas ɗinmu ta samu aiki a Ingila ta tafi, kaman yadda nas nas ɗin Ghana da yawa ke tafiya yanzu, ina mata fatan alheri har zuciyata. Ba a yi kwana goma ba jan tabo ya fito masa a ƙasan baya wajen ƙashin gindi, kafin mu ankara ya buɗe ya zama gyambon kwanciya. Na samu manaja na yi magana, ta ba da haƙuri, abu ya gyaru sati ɗaya cur sannan ya koma gidan jiya. Daga nan muka raba kwana ni da ɗan yayana, kullum mutum ɗaya na kwana a kujera kusa da shi, mu muke tuna musu lokacin maganin hawan jini.

Wanda zai kai nasa, ni dai zan ce masa ya je ran Lahadi da dare tukuna, ya ƙirga nas nawa ke kan aiki da gado nawa, ya tambaya wa ke karɓar bayani in an canza aiki, kuma kullum ya ɗaga riga ya duba baya da ɗuwawu da dunduniya da idonsa, kar kunya ta hana shi. Don fisiyo kam zan sake kai mutum wajen, amma ba zan bar shi ya kwana shi kaɗai ba.

Yanzu Baaba na takawa da sanda mai ƙafa huɗu daga ɗaki zuwa ƙofar gida, yana cin tuwon zafi da hannun hagu. Gyambon bai gama rufewa ba, wata nas a unguwa ke zuwa wanke shi duk bayan kwana biyu. Ku sa shi a addu'a don Allah, burinsa ya je Juma'a da ƙafarsa.